Gyaran tuwita da kuɗi kaɗan: yadda murya za ta tsaya cak a tsakiyar sifikoki biyu

Tambaya: Ina da sifikoki biyu a ɗaki, kowacce da wufa ɗaya (babbar, mai fitar da kaurin sauti) da tuwita ɗaya (ƙaramar, mai fitar da siririn sauti). Ƙararsu ba laifi, amma murya ba ta tsayawa wuri ɗaya: wani lokaci ta karkata hagu, wani lokaci ta watse kamar daga ko'ina take zuwa. An ce mini in canja tuwita. Akwai gyaran da zan yi da hannuna ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba?

Akwai, Malam, kuma kada ka yi gaggawar sayen sabuwar tuwita. Mafi yawan lokaci lafiyar tuwitar ƙalau. Abin da ke kewaye da ita ne ke ɓata mata aiki: kafasitar da ke ciyar da ita (ɗan kayan lantarkin da ke tace sautin da zai shige ta), da gefen akwatin da take zaune a kai, da firam ɗin ragar da ke rufe ta. Sabuwar tuwita kuwa, in ba irin tsohuwar ba ce sak, da nata ƙarfin take zuwa da nata om (ma'aunin yadda take turje wa wuta), alhali allon da ke raba sauti tsakanin wufa da tuwita a cikin akwatin ba don ita aka yi shi ba. Sai a wayi gari an gudu ba a tsira ba.

Abin da kake nema shi ake kira hoton sauti: ka rufe ido, ka iya nunawa da yatsa cewa mai waƙa yana nan tsakiya, mai kalangu yana ɗan hagu da shi, mai goge yana can dama. Babu sifika a tsakiyar nan. Ƙwaƙwalwarka ce ke dasa muryar a wurin idan abin da ya fito daga hagu da wanda ya fito daga dama suka iso da ƙarfi ɗaya, a lokaci ɗaya. A kan wannan ne Alan Blumlein, injiniyan kamfanin EMI a Ingila, ya gina sitiriyon da ya nemi rajistarsa a 1931. Kunne kuwa ba ya wasa da wannan awo. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato santimita 34 a cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, kuma idan sifika ɗaya ta riga 'yar'uwarta isowa da wannan ɗan taƙi, murya ta koma gefenta kusan gaba ɗaya. Ta fuskar ƙarfi ma, bambancin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 1 zuwa 2 ya isa a ji ta karkata. Saboda haka aikin naka biyu ne: ka mayar da tuwitocin nan tagwaye na gaske, sannan ka kashe amon da gefen akwati ke ƙara musu.

Kafin ka taɓa sukudireba, gano inda laifin yake. Sa muryar mutum ɗaya da aka ɗauka ba sitiriyo ba, kamar mai karanta labarai, ko ka danna maɓallin mono in amfilifayarka tana da shi. Zauna daidai tsakiya. A ce muryar ta karkata hagu. Kashe amfilifaya, ka musanya wayoyin sifikokin a bayanta, na hagu ya koma dama. Idan karkatar ta koma dama, matsalar tana amfilifaya ko abin da ke ba ta sauti, ka ƙyale tuwita ta huta. Idan ta tsaya hagu, ka mayar da wayoyin yadda suke, ka ɗauki akwatunan kansu ka yi musu musanyar wuri. Karkata ta bi akwatin? To laifin a cikinsa yake. Ta tsaya hagu duk da haka? Ɗakin ne, watakila bangon siminti ko gilashin taga na kusa da sifikar hagu yana mayar da sauti. Labule mai kauri da dardumar da aka shimfiɗa a kan tayil tsakaninka da sifikokin su ne maganin wannan. A lokaci guda ka ɗauki tef ɗin awo: tsakanin sifikokin ya zama kamar mita 2, daga kowacce zuwa kanka mita 2, kuskuren kada ya wuce santimita 1, tuwitocin su yi daidai da tsayin kunnenka a zaune, fuskokinsu su ɗan juyo gare ka daidai wa daida.

Idan karkatar ta bi akwati, sai a buɗe. A nan mutane suka fi yin asara tun kafin su fara gyara. Maganaɗisun tuwita na fizgar bakin sukudireba, ya zame ya huda ɗan ƙoƙon da ke tsakiya. Ka kifa murfin kwalba a kan ƙoƙon, yadda bakinsa zai zauna a kan farantin da ke kewaye da ƙoƙon, bai taɓa ƙoƙon ba, ka riƙe shi da babban yatsa, ɗayan hannun kuma ka kama sukudireban kusa da baki. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka cire komai.

Cire waya ɗaya daga tuwita, ka auna om ɗinta da mita, wato na'urar awon lantarki. Wadda aka rubuta wa om 8 takan nuna wajen 5.5 zuwa 6.5, mai om 4 kuma wajen 3 zuwa 3.5. Lambar ba ita ce abin dubawa ba sosai, kusancin na hagu da na dama ne. Idan ɗaya ta nuna 6.1 ɗaya 6.2, lafiya. Idan ɗaya 6.1 ce ɗaya 4.8, ko dai koyil ɗin ɗayar, wato naɗin wayar da ke cikinta, ya taɓa yin zafi wayoyinsa suka haɗu, ko wani mai gyara ya taɓa sauya ta da wata iri. Wannan babu dabarar da za ta daidaita su, sai a sauya biyun tare. Duba kuma ko jar waya tana ƙafa ɗaya a duka akwatunan. Za ka iya tarar da tuwita an haɗa ta a juye da gangan, domin wasu alluna haka aka tsara su, kada ka ce za ka gyara wa masu ƙira. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ɗaya a juye ɗaya a miƙe. Wannan ne ke kawo ainihin abin da ka kwatanta, sauti ya watse babu tsakiya, kuma yakan faru bayan an kai akwati ɗaya gyara.

Yanzu kafasita, wadda a ganina ita ce gyara mafi arha da ya fi biya a tsofaffin sifikoki. A akwatuna masu sauƙin kuɗi kafasita ɗaya ce tal a kan hanyar wayar tuwita, tana tare kaurin sauti tana barin siririn ya wuce. Girmanta da om ɗin tuwita su ke yanke inda tuwitar za ta fara aiki. Mai mikrofarad (ma'aunin girman kafasita) 4.7 a kan tuwita mai om 8 tana yankewa a wajen hertz 4,200 (hertz ma'aunin sirantar sauti ne, yawan lamba yawan siranta), mai 3.3 a wajen 6,000, mai 6.8 a wajen 2,900. Irin da kamfanoni suka fi sawa ita ce 'yar gwangwanin nan mai ruwan sinadari a ciki, kuma tun tana sabuwa an yarda ta kauce wa lambar da ke jikinta da kashi 10 ko ma 20 cikin ɗari. Zafi kuma na busar da ruwan nata a hankali, shi ya sa a ɗakunanmu da ke ɗaukar zafin bazara ba ta yin tsawon rai. Ka ɗauka ta hagu ta haura zuwa 5.6, ta dama ta sauka zuwa 3.8. Tuwitar hagu za ta fara aiki tun daga wajen hertz 3,500, ta dama sai 5,200, kuma a wajen hertz 3,000 bambancin ƙarfinsu ya wuce desibel 2. Yadda ake jin wannan a kunne: jikin muryar yana tsakiya, amma duk lokacin da mai magana ya furta «s» ko «sh» ko «ts», sai harafin ya yi tsalle zuwa hagu ya dawo.

Narke dalmar ƙafa ɗaya ka ɗaga ta kafin ka auna, in ba haka ba mita za ta ba ka lambar ƙarya. Abin maye gurbinta shi ne kafasitar leda, wadda ake rubuta wa MKP. In ba ka same ta ba, kafasitar fankar sama, baƙar nan mai kusurwa huɗu da aka rubuta wa CBB61, ita ma ta ledar ce, tana jure bolt 450, kuma tana aikin nan sarai. Tana zuwa a girma irin 1.2, 1.5, 2, 2.5 da 3.5, kuma idan ka haɗa biyu kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa, lambobinsu tarawa suke yi: 3.5 da 1.2 sun ba ka 4.7. Je da mitarka shago, domin akwai jabu da abin da ke cikinsu bai kai rubutun jikinsu ba. Auna guda shida ko takwas, ka zaɓi waɗanda jimlar hagu da ta dama ba su bambanta da fiye da mikrofarad 0.1 ba. Idan daga tsohuwar fanka ka ciro, fara haɗa wayoyinta biyu da ƙarfen sukudireba ta sauke wutar da ta riƙe. Kada ka sa kafasita mai zanen layi a gefe ɗaya, mai ƙafar tara da ta ɗebewa; ba ta wutar sauti ba ce. Ɗaure sabuwar da igiyar roba ko ka kafa ta da gam mai zafi don kada ta riƙa kaɗawa a ciki.

Wani abu da zai iya ba ka mamaki: bayan canjin tuwitar na iya ɗan ƙara kaifi, domin tsohuwar kafasitar tana da ɗan taurin kai na kanta da ke rage wuta, ta ledar kuwa kusan babu. Rizista (ɗan kayan rage wuta) mai om 0.33 ko 0.47, wat 5, a kan hanyar wayar tana mayar da shi yadda yake.

Mu zo kan fuskar akwati, inda yawancin hazon da ke rufe hoton sauti yake fitowa. Tuwita ba gaba kaɗai take harba sauti ba. Wani kaso na rarrafe a kan katakon fuskar har ya kai gefe, kuma da ya tarar katako ya ƙare farat ɗaya, sai gefen kansa ya zama kamar wata ƙaramar sifika, ya sake watsa sautin a juye, a makare. Ɗauki akwati mai faɗin santimita 20 da tuwita a tsakiya. Daga ƙoƙo zuwa kowane gefe santimita 10 ne, don haka sautin gefe yana iso maka bayan na asali da kusan kashi uku bisa dubu goma na daƙiƙa. Inda suka dace sai su ƙaru, inda suka saɓa sai su cinye juna: tudu a wajen hertz 1,700, kwari a wajen 3,400, wani tudun a wajen 5,100. Hawa da saukar nan kan kai desibel 2 ko 3. Abin da ya fi muni, da ka ɗan gusa kai sai wuraren tudu da kwarin su sauya, kuma ba sa sauyawa iri ɗaya a hagu da dama. Dalilin da ya sa murya ke yawo ke nan ko da tuwitocin tagwaye ne.

Ba sabon ilimi ba ne. Harry Olson na kamfanin RCA a Amurka ya wallafa gwajinsa a 1951, inda ya sa ƙaramar sifika a cikin akwatuna masu siffa 12. Mai siffar ƙwallo ce ta fi ba da sauti sumul, mai siffar ɗan lido, da gefenta duka nisa ɗaya daga sifikar, tana cikin mafi muni. Injiniyoyin BBC da suka ƙera ƙaramar sifikar nan LS3/5a a tsakiyar shekarun 1970, don sauraro a cikin motocin ɗaukar shiri, sun kewaye tuwitarta da sanduna huɗu na ulu mai kauri. Kamfanin Acoustic Research ma ya shimfiɗa irin wannan bargo a fuskar AR9 a 1978. Abin da za ka yi ke nan a gida.

Kayan aikin shi ne fel, wato gashin tumaki da aka danne ya zama shimfiɗa ba tare da saƙa ba, irin abin da ake yin jar dara da shi, amma mai kauri da laushi. Ana son kaurin milimita 6 zuwa 10. In siriri ka samu, ka ruɓanya. A cikin na masana'antu, mai lamba F-13 ko F-11 ya fi dacewa, domin sako-sako ne, sauti na shiga cikinsa ya mutu. Mai tauri kamar tafin takalmi mayar da sauti yake yi. Na roba da ake sayarwa don aikin hannu na yara kuwa siriri ne, amfaninsa kaɗan. Ga yadda ake gane na gaskiya: tsinko ɗan zare ka sa masa ashana. Ulu zai yi warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin gawayi da ke murƙushewa tsakanin yatsu. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Wata jarrabawar, ɗora shi a baki ka hura: iska ta wuce, amma da ɗan ƙoƙari. In ba ta wucewa sam, sauti ma ba zai shiga ba, shi ya sa soson da ake naɗe kaya da shi ba ya wannan aiki. In fel ya gagara, tsohon bargon ulu na gaske, ninki biyu ko uku da aka ɗinke gefensu, yana kusantar aikinsa.

Yankan shi ne inda ake cin nasara ko a faɗi. Fara da kwali ka yi samfuri. Fel ɗin ya rufe fuskar akwati daga kusa da tuwita har bakin gefen hagu da dama da sama. A tsakiya ka buɗe taga. Ga tuwita mai ƙoƙon milimita 25, tagar ta kai kamar santimita 6 a faɗi da 7 ko 8 a tsayi, yadda ko'ina akwai aƙalla santimita 1.5 zuwa 2 tsakanin ƙoƙo da ulu. Kada ka yanka ta da'ira da ƙoƙo a cibiya, ko da yake hakan ya fi kyan gani. Bakin fel shi ma gefe ne, yana da nasa ɗan amo, kuma idan da'ira ce duk amon nisansa ɗaya, sai ya taru a kan sauti ɗaya ya yi tudu. Taga mai kusurwa huɗu da aka ɗan gusar gefe, ko mai baki kamar haƙoran zarto, tana rarraba shi. Da sabuwar reza ka fere bakin tagar a karkace, ya buɗe waje kamar bakin kwarya. Idan ka gusar da tagar hagu zuwa ciki, ta dama ma ta gusa ciki, su zama kamar mutum da hotonsa a madubi. Kuskuren da aka fi yi shi ne tara ulu mai kauri dab da ƙoƙo. Tuwitar sai ta zama kamar mai magana daga cikin rijiya: saman sauti ya dushe, wurin zama mai daɗi ya ƙuntata, da ka matsa kaɗan komai ya ɓace. In ka ji haka, faɗaɗa tagar da rabin santimita ta kowane gefe ka sake saurara.

Manna shi da tef mai danƙo gaba da baya, a gefe-gefe kawai. Kada ka shafe bayansa da gam mai ruwa, domin ulu na shanye gam ya bushe ya ƙandare, ya daina shan sauti. Sa wata 'yar sanda ta fel tsakanin tuwita da bakin ƙarfen wufa, domin shi ma tudu ne da sauti ke karo da shi, amma kada ta taɓa robar da ke kewaye da wufar. Ka sani fel a siririn sauti yake aiki, daga wajen hertz 2,000 ko 3,000 zuwa sama. Ba zai taɓa maka kaurin sauti ba. Ka riƙa dubawa lokaci-lokaci, domin asu na cin ulu.

Shafa yatsa daga katako zuwa farantin tuwita. In ka ji mataki, wato farantin an ɗora shi ne a kan katako ba a nutsar da shi ba, wannan tudun na milimita 3 ko 4 ma gefe ne, kuma ya fi kowanne kusa da ƙoƙo. Ba sai ka sassaƙa akwati ba. Nemi kwali mai tauri ko takardar gasket ta masu kayan mota, mai kauri daidai da farantin, ka yanke ramin da farantin zai shige cif, ka shimfiɗa a fuskar har gefe, sannan fel ya hau kai. Ramukan kan sukuru ka cike su da ɗan Blu-Tack, danƙon nan mai laushi na manna takarda a bango, ka lailaye. A ƙarƙashin farantin kuma sai an toshe iska, domin wufa na tura iska ta duk wata kafa. Sa waƙa mai nauyin ganga, ka riƙe zare siriri a bakin farantin. In yana rawa, akwai yoyo. Zoben da aka yanka daga tsohon tub ɗin keke yana toshe shi. Ɗaure sukurorin a gicciye, sama-hagu sannan ƙasa-dama, kaɗan-kaɗan, kada ka matse har farantin roba ya lanƙwashe. Ramin da ya ci, ka cusa masa tsinken sakace biyu da farin gam na kafinta, ya kwana, sannan ka ɗaura.

Ragar gaba kuwa, yadin ba shi ne matsala ba, firam ɗin ne. Katako mai kaurin santimita ɗaya da ke tsaye kamar katanga a gefen tuwita yana mayar da sauti fiye da gefen akwatin. Cire ta lokacin sauraro, ka mayar in ka gama, musamman a hunturu, domin ƙoƙon yadi yana da ɗan danƙo kuma ƙurar da ta manne masa ba ta fita da sauƙi. In akwai yara a gida ba za ta ciru ba, ka yanka fel ɗin ya cika cikin firam ɗin, kaurinsu ɗaya, katangar ta ɓace. Wanda ke da kafinta a kusa zai iya sawa a zagaye gefen akwati, sai dai ɗan goge kaifi da sanfefa ba ya yin komai. Sai lanƙwasar ta kai ta bututu mai faɗin santimita 4 ko fiye kafin a ji bambanci.

Idan bayan duk wannan tuwitocin sun yi daidai da juna amma sun fi wufa ƙarfi, za ka ji siririn sauti ya manne a jikin akwatunan, kowanne yana nuna kansa, tsakiya ta zama fanko. Rage su da rizista biyu, ba ɗaya ba. Ɗaya a kan hanyar waya bayan kafasita, ɗaya a gicciye tsakanin ƙafafun tuwita biyu. Ga mai om 8: don rage desibel 2, sa 1.5 ko 1.8 a hanya da 33 a gicciye. Don desibel 3, sa 2.2 da 20. Ga mai om 4 ka raba lambobin biyu. Farar rizistar siminti mai wat 10 ta isa, a ɗaga ta kaɗan daga katako da audugar ciki, domin tana zafi. Amfanin ta biyun shi ne kafasita ta ci gaba da ganin om 8. In ka sa 2.2 ita kaɗai, jimla ta koma 10.2, wurin yankewa ya sauko daga 4,200 zuwa wajen 3,300, tuwita ta ɗauki nauyin da ba nata ba. Su ma rizistocin ka auna su, na hagu da na dama su zo ɗaya.

In mita ta nuna tuwitarka a buɗe take alhali tana ƙara, fiyezo ce, irin mai ƙahon roba da ke cika akwatunan kasuwa. Ba ta da koyil, ita kanta kamar kafasita take, shi ya sa kafasitar da aka sa mata a hanya ba ta yanke komai yadda ya kamata, take kuma tsawa. Gicciya mata rizista mai om 22, wat 10, sannan ka sa kafasita mai mikrofarad 1.5 a hanya: za ta yanke a wajen hertz 4,800, tsawar ta ragu. Gaskiya dai fiyezo biyu ba kasafai suke fitowa iri ɗaya ba, kada ka sa rai da hoto mai kaifi sosai daga gare su.

Ƙoƙon kansa ka bar shi. Duk abin da ke motsi a tuwita mai milimita 25 bai kai rabin giram ba, don haka shafa masa gam ko fenti ko man farce da sunan tausasa sauti nauyi ne kawai, saman sauti ya mutu, kuma ba za ka taɓa shafa wa biyun daidai ba. 'Yar garkuwar da ke gaban ƙoƙon ƙarfe tana cikin lissafin masu ƙira, kada ka karye ta. Ƙoƙon yadi da yaro ya danna ciki yana dawowa: ɗora bututun kwali a kewayensa ka tsotsa a hankali da baki. Na ƙarfe in ya karye ya yi layi, ya tafi ke nan. Wasu tuwitocin suna da wani baƙin mai na maganaɗisu a ramin koyil don sanyaya shi, wanda kan kafe da shekaru har tuwita ɗaya ta yi rauni. Ana sauya shi, amma da irinsa kawai, ɗigo kaɗan, kuma sai hannun da ya saba, domin wayoyin koyil sun yi sirantar gashi. Man inji ko na keken ɗinki ba ya maye gurbinsa.

Yi gyaran ɗaya bayan ɗaya, ka saurara tsakanin kowanne, in ba haka ba ba za ka san wanda ya taimaka da wanda ya ɓata ba. Don gwada fel, ajiye akwatunan biyu gefe da gefe, ɗaya da fel ɗaya babu, ka sa murya mono, ka riƙa juya maɓallin balans daga wannan zuwa wancan a ƙarfi ɗaya. Wanda aka gyara daidai ba dushewa zai yi ba, muryar za ta ɗan rabu da jikin akwatin ne, «s» ta daina kaifi. Don auna daidaiton hagu da dama, manhajar REW kyauta ce a kwamfuta, kuma ko makirufon waya ya isa in kwatanci kawai kake so. Kafa wayar a kan wani abu tsayayye, mita 1 daga tuwita kuma a saitinta, ka yi wa ƙasa alama da alli inda akwatin ya zauna, ka auna na farko, ka ɗauke shi, ka ajiye na biyu a kan alamar ba tare da taɓa wayar ko maɓallin ƙara ba. Daga hertz 2,000 zuwa 10,000 layukan biyu su bi juna, tazararsu kada ta wuce desibel 1. Inda suka rabu a ƙasa-ƙasa, wajen 2,000 zuwa 5,000, koma kan kafasita. Inda ɗaya ya kwanta ƙasa da ɗaya tun daga farko har ƙarshe, tuwitar ce da kanta ta gaji, kuma a nan ne kaɗai maganar sayen sababbi ta taso, guda biyu, masu om da girman faranti irin na tsofaffin.